Kulob ɗin ƙananan jiragen ƙasa na jami'ar MIT

Tech Model Railroad Club, wanda ake taƙaitawa TMRC, ƙungiya ce ta ɗalibai a jami'ar MIT da ke Kambirij a jihar Masachusets ta Amurka, kogi ne kawai tsakaninta da birnin Boston. An kafa ta a 1946. Aikinta shi ne haɗa ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya da lantarki, da layin dogonsu da tashoshi da gadoji da garuruwa, duk a kan wani makeken tebur da ya cinye ɗaki guda. Tana cikin tsofaffin kulob na jami'ar, amma gaskiya in ka ji ana ambatonta yau ba don jiragen ba ne, don waɗansu yara ne da suka fi son kwanciya a ƙarƙashin teburin suna fama da wayoyi, waɗanda daga baya suka zama na farko-farkon ƙwararrun kwamfuta a duniya.

Wurin zama da girman jiragen

Shekaru kusan 50 kulob ɗin yana gini mai lamba 20, wani ginin katako da aka yi cikin gaggawa a 1943 don binciken na'urar rada lokacin yaƙin duniya na biyu. An ce na wucin gadi ne, da an gama yaƙi za a rushe, sai ga shi ya kai 1998. Da yake ba wanda ya ɗauki ginin da wata daraja, in kana son huda bango ka zura waya ba mai ce maka don me, wannan kuwa ya yi wa 'yan kulob ɗin daɗi ba kaɗan ba.

Ma'aunin da suke aiki da shi shi ne wanda ake kira HO, wato komai an rage shi sau 87, tsakanin ƙarfen dogo biyu milimita 16.5 ne kacal, tarago kuwa za ka ɗora shi a tafin hannu. Kamfanin jirgin nasu na ƙirƙira har suna ya samu, Tech Nickel Plate, babban garin da ke kan teburin kuma Gifford City. Sabon memba ba ya samun makullin ɗakin sai ya yi aikin awa 40 a kan teburin, daga nan ya shiga duk sanda ya ga dama, ko ƙarfe uku na dare ne. Kuɗin shiga kuma, akwai injin sayar da Coca-Cola da suka ajiye wanda ribarsa ta daɗe tana riƙe da su.

'Yan fenti da 'yan waya

Tun da wuri membobin suka rabu gida biyu. Akwai 'yan wuƙa da burushi, su ne masu sassaƙa tarago, su yi masa fenti daidai da na gaske, su dasa ƙananan bishiyoyi, su karanta mujallun jirgin ƙasa kamar za su ci jarabawa a kai. Sai kuma kwamitin sigina da wuta, waɗanda su abin da ke saman tebur bai dame su ba sam, su dai ƙasa.

To me ke ƙasan? Matsalar ita ce ta ƙarfen dogon ake tura wa jirgi wuta, in ka ƙara wuta ya ƙara gudu, don haka in jirage biyu suna kan layi ɗaya duk abin da ka yi wa ɗaya ka yi wa ɗayan. Maganin shi ne a yayyanka layin gida-gida, kowane yanki da tasa wayar, sannan a samu abin da zai riƙa bin kowane jirgi yana miƙa wutar direbansa daga wannan yanki zuwa na gaba, in kuma akwai wani jirgin a gaba ya tsayar da na baya kafin su yi karo. Wannan aiki rile ke yinsa, wato makunnin da wutar lantarki ke buɗewa da rufewa, irin wanda 'yan rewaya ke canza maka a mota, sai dai nan ba guda ɗaya ba ne, layi-layi ne suna ta ƙas-ƙas dare da rana. Yawancin kayan na kamfanin tarho ne, kamfanin Western Electric yana ba jami'o'i kyautar kayan aiki, sauran kuma a tsinto a wajen 'yan gwangwan ko wani lungu na jami'ar da tsakar dare ba tare da an cika takarda ba. Har kan tarho mai juyawa ɗin nan na da suka saka, ka juya lamba a haɗa ka da jirgin da kake son tuƙawa.

Sun kuma maƙala makunnan gaggawa a wurare daban-daban a ɗakin, in ka hango jirgi zai afka wa wani abu ka kai wa na kusa da kai duka, komai ya tsaya cak, agogon da ke kan allo ya daina nuna lokaci ya rubuta FOO. Wannan kalma har yau masu rubuta firogiram na kwamfuta suna amfani da ita in suna buƙatar sunan da ba shi da ma'ana. A 1959 wani ɗan kulob ɗin, Peter Samson, ya tattara irin waɗannan kalmomi nasu ya yi ƙamus na barkwanci, a ciki akwai kalmar hack. A bakinsu aiki ne na basira da mutum ya yi don jin daɗin yinsa, ba ruwansa da satar shiga kwamfutar mutane, wannan ma'anar daga baya ta zo kuma har yau 'yan kulob ɗin ba sa sonta.

Zuwan kwamfuta

A 1958 aka kawo wata kwamfuta mai suna TX-0 daga ɗakin binciken Lincoln na MIT zuwa cikin jami'ar. Jack Dennis, tsohon ɗan kulob ɗin da ya zama malami, shi ya buɗe musu ƙofa. Bambancinta da babbar kwamfutar IBM 704 da jami'ar ke da ita shi ne kana zama gabanta da kanka, ba wai ka miƙa katuna ka dawo gobe ka ji sakamako ba. Yaran da suka saba da tunanin rile, wannan ya buɗe wancan ya rufe, ba su sha wahalar gane ta ba, sai suka koma kwana a wajen, suna jiran wanda ya yi rajistar awa cikin dare ya makara su haye.

A 1961 kamfanin ƙera kwamfuta na DEC ya ba jami'ar wata kwamfuta mai suna PDP-1, a kanta ne aka yi Spacewar! a 1962, ɗaya daga cikin wasannin kwamfuta na farko, jiragen sama jannati biyu suna harbin juna a kan sikirin mai zagaye. Steve Russell ne ya rubuta yawancinsa. Samson ya ga taurarin da ke bayan fage an watsa su ne kawai barkatai, abin ya ba shi haushi, ya zauna ya saka taswirar taurari ta gaske. Alan Kotok da Bob Saunders kuwa suka koma ɗakin kulob suka kwaso katako da makunnai suka haɗa akwatunan riƙewa a hannu, domin buga wasan da makunnan jikin kwamfutar yana gajiyar da gwiwar hannu. Duk mai riƙe da abin buga gem yau, to kakansa ke nan.

Fitattun membobi

Kotok ya jagoranci rubuta firogiram ɗin wasan dara na ches ƙarƙashin malaminsa John McCarthy, firogiram ɗin daga baya ya kara da na Tarayyar Sobiyet a 1966 zuwa 1967 ya sha kashi, shi kuwa Kotok ya yi shekaru a DEC, ya rasu a 2006. Richard Greenblatt ya yi Mac Hack, firogiram na farko da ya shiga gasar ches da mutane, a 1967. Samson ya sa kwamfuta tana kiɗa, kuma son jirgin bai bar shi ba, har ya yi amfani da kwamfuta wajen tsara yadda zai zagaye duk layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York cikin mafi ƙarancin lokaci. Littafin Steven Levy na 1984 mai suna Hackers da labarin kulob ɗin ya fara, shi ya fito da sunansu duniya. Abin da za a ce dai an ɗan yi wa 'yan fenti rashin adalci, ba don teburinsu ba ai da ba abin da za a ja wa waya, amma ba kasafai ake tuna sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Halin da ake ciki

A 1997, gab da rushe gini na 20, kulob ɗin ya koma ginin N52 inda gidan tarihin MIT yake a lokacin. Tsohon teburin bai ɗauku ba, sabo aka fara. Tsarin rile ma an yi ritaya da shi, na yanzu da suke kira na uku ƙananan na'urori ne da kwamfuta mai manhajar Linux ke ba su umarni. A kan teburin akwai kwafin dogon benen nan na jami'ar, Green Building, an saka wa tagoginsa fitilu yadda za a iya buga wasan kwamfuta na Tetris a jikinsa. Lokaci-lokaci suna buɗe ƙofa ga jama'ar gari, iyaye su kawo yara su kalli jirage.