Ba Azurfar Amurka Ce Ta Koya Wa Sifaniyawa Ƙira Ba

An daɗe ana cewa maƙeran farfaru na Sifaniya ba su san komai ba sai da jiragen ruwa suka fara sauke azurfar nahiyar Amurka a Sebiya, birnin Sifaniya. Lissafin shekaru kawai ya isa ya ƙaryata wannan.

Sai a 1545 aka gano dutsen azurfa na Potosi, a Bolibiya ta yau, na Zakatekas a Meziko kuma a 1546. To, tun 1518 Enrike de Arfe, maƙeri ɗan asalin Jamus, ya gama wa babban cocin Kordoba a Sifaniya wata hasumiyar azurfa da ake zagaya gari da ita ranar biki, ta Toledo ma ya kammala ta kimanin shekaru ashirin kafin gano Potosi. Wanda ya iya irin wannan aiki ai ba jiya ya fara riƙe guduma ba. Maƙeran suna da ƙungiyoyinsu tun da daɗewa, yaro ba ya zama maigida sai ya ci jarrabawa, kuma ana buga wa kaya hatimin gari da na mai gwada tsarkin ƙarfe, saboda masu algus.

Azurfar Amurka ta ƙara yawan aiki, babu musu. Jikan Enrike, Huwan de Arfe, ya wallafa littafin gwada azurfa da zinariya a 1572, ya gama hasumiyar Sebiya a 1587. Amma mafi yawan azurfar ba maƙera ta nufa ba. Kuɗi aka buga da ita, ta tafi biyan sojoji da bashin attajiran Jenowa, birnin Italiya.