Ɗaukar Keke a Rufin Mota

Ɗaukar keke a rufin mota hanya ce ta tafiya da keke inda ake ɗaure shi a tsaye a kan kariyar da aka kafa a saman mota. Kariyar kashi biyu ce: sanduna biyu da suka gitta rufin, sai dogon ƙarfe mai kwari wanda taya ke zama a ciki. Daga cikin sanannun masu ƙera ta akwai Thule, kamfanin da aka kafa a Suwidin a 1942, da Yakima na Amurka. A Tour de France, babban tseren keke na ƙasar Faransa, motocin ƙungiyoyi na bin 'yan tsere da kekunan canji jere a rufinsu.

Hanyoyin riƙon keken uku ne suka fi yawa. A ta farko ana cire tayar gaba, a kulle sandunan nan biyu da ke riƙe tayar gaban a jikin kariyar, a ɗaure tayar baya da maɗauri. Keken kan zauna daram, tsayinsa kuma ya ragu, sai dai tayar da aka cire tana neman wuri a but. Idan birkin na mai ne, sai an cusa 'yar roba tsakanin takalman birkin, domin in aka matsa hannun birki babu taya, sukan haɗe, mayar da tayar ya zama aiki. Ta biyu wani hannu ne na kariyar da ke damƙe gangar jikin keken, wato firam, ba tare da an cire komai ba. Tana da sauƙi, amma firam ɗin kabon, wani abu marar nauyi da ake ƙera wasu kekuna da shi a madadin ƙarfe, ba ya son matsi. A ɗaure shi fiye da kima ya tsage ta ciki, ido bai gani ba. Ta uku tayar gaba kawai take kamawa, ba ruwanta da firam.

Kowace mota tana da iyakar nauyin da rufinta zai ɗauka a tafiye, galibi tsakanin kilo 50 zuwa 100, kuma nauyin kariyar kanta yana cikin lissafin. Keken tsere bai cika wuce kilo 10 ba. Keken lantarki kuwa yakan haura kilo 20, wanda ya zarce ƙarfin yawancin maɗauran rufi, ga wahalar ɗaga shi sama da kai. Irinsa ya fi dacewa da kariyar bayan mota.

Iska ma tana cin nata rabon. Turjiyarta na ninkuwa huɗu idan gudu ya ninku biyu, shi ya sa shan mai ke ƙaruwa sosai a babbar hanya, ga fito da gurnani daga sama. Ko babu keke, sandunan kaɗai suna ƙara shan mai.

Babban haɗarin dai mantuwa ce. Ƙaramar mota mai tsayin mita ɗaya da rabi, in aka ɗora mata keke, tana iya wuce mita biyu da rabi, alhali ƙofofin gareji da wuraren ajiye motoci na ƙarƙashin gini da yawa ba su wuce mita biyu da kaɗan ba. Direba ya sha tafiya, ya dawo a gajiye, keken ba ya cikin madubi, sai ƙara kawai zai ji: sirdi ya daki saman ƙofa, firam ya karye, wani lokacin har rufin ya loɓa. Saboda haka wasu ke liƙa takarda a sitiyari, wasu kuma su ajiye kujera a bakin garejin kafin su fita, don dole su sauko su kawar da ita.