Tarihin Aikin Ɗan Majalisa kan Alkawuran Tattalin Arziki

Tarihin aikin ɗan majalisa kan alkawuran tattalin arziki shi ne jimillar abin da za a iya tabbatarwa ya yi a majalisa, idan aka jera shi kusa da abin da ya faɗa wa masu zaɓe game da samar da aikin yi, tallafa wa ƙananan sana'o'i da farfaɗo da kasuwanci. 'Yan jarida, ƙungiyoyin farar hula, ƙungiyoyin ƙwadago da na 'yan kasuwa ne suka fi tattara shi, kuma ana yawan komawa gare shi idan zaɓe ya ƙarato.

Wannan nau'in alkawari ba ya ɓacewa daga bakin masu neman kujera, kuma akwai dalili. A ƙididdigar Bankin Duniya, ƙanana da matsakaitan sana'o'i su ne kusan kashi 90 cikin ɗari na harkokin kasuwanci a duniya, kuma su ke ɗaukar fiye da rabin ma'aikata.

Abin da ke hannunsa

Ɗan majalisa ba ya ɗaukar jama'a aiki, ba ya kuma yanke kuɗin ruwa. Yanke kuɗin ruwa aikin babban banki ne. Zartar da shirye-shirye na ɓangaren zartarwa ne. Abin da ke hannunsa shi ne gabatar da ƙuduri, yi wa ƙudurin wani gyara, jefa ƙuri'a, sa baki a kasafin kuɗi, da titsiye ministoci da shugabannin hukumomi a zaman kwamiti. Saboda haka wanda ya ce zai samar da ayyuka dubu kaza ya yi alkawarin abin da ba shi kaɗai ke da iko da shi ba. Wanda ya ce zai mara baya a rage wa ƙananan kamfanoni haraji kuwa, ana iya duba kundin majalisa a ga ko ya yi.

Yawan ƙudurori ma'auni ne mai ruɗi. A majalisar dokokin Amurka ana gabatar da ƙudurori sama da 10,000 a kowane zango na shekara biyu, amma 'yan ɗaruruwa ne ke zama doka. A Birtaniya hanyar ta fi ƙunci: ana zaɓen mutum 20 ta hanyar ƙuri'ar sa'a daga cikin wakilan da ba ministoci ba, a ba ƙudurorinsu fifiko, kuma Juma'a 13 kacal aka saba ware wa irin waɗannan ƙudurori a zango. Gabatar da sabon kashe kuɗi ma haƙƙin gwamnati ne a can. Don haka sau da yawa aikin da ya fi amfanar mai ƙaramin jari shi ne gyaran sakin layi ɗaya a ɗakin kwamiti, wanda ba ya fitowa a labarai, kuma sunan wanda ya kawo shi ba ya hawa kan dokar.

Akwai kuma tazara tsakanin kafa doka da ware mata kuɗi. Ana iya amincewa da asusun ba da rance ga masu sana'a, kasafi ya zo ya wuce ba a saka masa komai ba. Mai bin diddigi na gaskiya yana duba matakan biyu, sannan ya duba na uku, wato ko kuɗin ya fita. Shirin rancen biyan albashi da Amurka ta kafa a Maris 2020, lokacin annobar korona, ya nuna haka: kason farko na dala biliyan 349 ya ƙare cikin kusan mako biyu, kuma ƙananan masu sana'a da ba su da tsohuwar hulɗa da banki sun koka cewa an bar su a baya.

Masu bin diddigi

Shafin PolitiFact na Amurka ya fara bin alkawuran Barack Obama sama da 500 a 2009, yana raba su zuwa wanda aka cika, wanda aka yi sassauci a kansa, wanda ya maƙale da wanda aka saɓa. Kodayake shugaba aka auna, wannan rabe-rabe ya bazu, har Cibiyar Dimokuraɗiyya da Ci Gaba ta kafa shafin Buharimeter a Najeriya a 2015 don bin alkawuran Shugaba Muhammadu Buhari. A Birtaniya, shafin TheyWorkForYou yana tattara jawabai da ƙuri'un kowane wakili tun 2004. Ƙungiyoyi masu kare muradun mambobinsu su ma suna ba wakilai maki: a Amurka haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta AFL-CIO da majalisar 'yan kasuwa kan fitar da nasu, kuma ƙuri'a ɗaya kan mafi ƙarancin albashi tana iya zama lada a wurin ɗaya, laifi a wurin ɗaya.

Wani nazari da masanin kimiyyar siyasa Robert Thomson da abokan aikinsa suka wallafa a 2017 ya duba alkawura sama da 20,000 a ƙasashe 12. Ya gano cewa jam'iyyun da suka kafa gwamnati suna cika mafi yawan alkawuransu, gaba ɗaya ko wani sashe, kuma jam'iyyun da ke mulki su kaɗai sun fi na gwamnatin haɗaka cikawa. Wannan ya saɓa wa zaton jama'a da dama, sai dai jam'iyyu aka auna, ba wakili ɗaya ba.

Babban cikas shi ne rashin rubutacciyar ƙuri'a. A majalisun da ake yanke hukunci da murya, masu "e" da masu "a'a" su ɗaga sauti shugaba ya buga guduma, babu inda za a ga matsayin kowane wakili. Nan mai zaɓe ba shi da abin riƙewa sai jawabin da aka rubuta a kundin muhawara, rajistar halarta, da rahoton kwamiti idan an fitar da shi.