Me ake nufi da "kocin gini"?

Yawancinmu a bakin 'yan ƙwallo muka fara jin kalmar koci: mutumin da ke tsaye a gefen fili, ƙafarsa ba ta taɓa ƙwallo, amma shi ke nuna wa 'yan wasa yadda za su haɗa kai. Yanzu kalmar ta bar filin wasa, ana jin ta a Facebook da WhatsApp, daga kocin kasuwanci har kocin gini.

Asalinta sunan wani ƙauye ne, Kocs, a ƙasar Hangari, inda aka shahara da ƙera keken doki tun ƙarni na 15, har aka riƙa kiran keken da sunan ƙauyen. Wajen 1830 ɗaliban jami'ar Oxford ta Ingila suka ara wa malamin da ke ɗaukar ɗalibi ya tsallakar da shi jarrabawa. Wato koci abin hawa ne, mai kai mutum inda ya nufa.

A harkar gini, koci shi ne wanda ke zama da mai gida da magini, tare ko ɗaya bayan ɗaya, yana koya musu yadda za su yi magana da juna tun kafin a haƙa harsashi har ranar miƙa makulli. Injiniya bango yake dubawa, ya auna ƙarfe da siminti. Mai sulhu sai an ɓata ake kiransa. Dillali la'adarsa yake jira. Shi kuwa koci tambaya ce jarinsa: Alhaji, nawa ne a hannunka yau, ban da wanda kake sa rai? Malam, in aka ƙara ɗaki, kwana nawa da buhu nawa za su ƙaru? Burinsa su biyun su iya yi wa juna waɗannan tambayoyi ko ba ya nan.

A Amurka gidan da aka gina wa mutum a kan filinsa, bisa zanen da ya zaɓa, wani rukuni ne na daban, domin da yawa gida ginanne suke saye a hannun kamfani. Mu a Damagaram kusan kowane gida haka ake yin sa. Mutum ya samu fili a bayan gari, ya kira maginin da ya yi wa maƙwabcinsa aiki, a zana ɗakuna a ƙasa da ƙafa, a yi addu'a, a fara. Babu gida biyu iri ɗaya, don haka babu farashin da kowa ya sani. Komai sai an yi ciniki, kuma a nan ne kunya ke cutar da mu.

Ni a ganina kunyar nan ita ce tushen yawancin rigingimun gini, ta fi rashin amana yawa. Mai gida yana jin nauyin ya ce kuɗinsa ba za su kai rufi ba. Magini yana jin nauyin ya ce wa dattijo abin da yake so ba zai yiwu da wannan kuɗi ba, sai ya ce "ba komai, Alhaji, za a yi". Daga baya a rage siminti a bulo, ko a sa ƙarfe mai lamba 8 inda ya kamata a sa mai lamba 10, ko aiki ya tsaya magini ya koma wani wuri neman na cefane. Sai ka ji wannan yana cewa an ci amanarsa, wancan yana cewa an ci guminsa, alhali kowanensu akwai gaskiyar da ya haɗiye tun ranar farko.

Abin da koci ke fara yi shi ne ya sa a fayyace irin yarjejeniyar. Jinga ce, ko kuɗin yini? In jinga ce, har da kaya, ko aikin hannu kaɗai? Wa zai sayi yashi da tsakuwa, wa zai kwana gadin siminti? Sai a rubuta debi, takardar lissafin kaya da ladan aiki, a raba biya bisa matakai: harsashi, tashin bango zuwa linta, rufi, shafe. Kada kuɗi su riga aiki nisa, kada kuma aiki ya riga kuɗi. Wanda ya ce rubutu alamar rashin yarda ce, a tuna masa aya ta 282 cikin Suratul Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ta yi umarni da rubuta bashi, ƙarami ko babba.

Akwai kuma canjin ra'ayi a tsakiyar aiki, wanda ba laifi ba ne. Uwargida ta zo ganin gini ta ce madafa ta yi kusa da zaure, kuma tana da gaskiya, ita za ta wuni a ciki. Koci kan ba da shawara a ji ta bakinta tun ana zane. In canjin ya zo daga baya, a faɗi kuɗinsa da kwanakinsa kafin a rushe ko bulo ɗaya. Haka ma mai gidan da ke Libiya ko Kano yana turo kuɗi: a tsayar da mutum ɗaya da zai riƙa magana da yawunsa, domin in wa da ƙane da suruki kowa na ba da umarni, magini bai san na wa zai bi ba.

Wannan aiki ba baƙo ba ne gare mu. Garin da ya gina fadar Sarkin Damagaram da ganuwar zamanin Sarki Tanimun, ya ƙawata gidajen Birni da zanen bango, yana da tsarin magina mai shugaba da dattawa da ake kai wa ƙara. Abin da ya sauya shi ne kayan aiki da yawan kuɗi. A da ƙasa da tubali kowa na iya gani ya shaida. Yau ƙarfen da aka binne cikin kankare ba mai sake ganinsa. Sharaɗi ɗaya nake gindayawa: koci kada ya zama mai sayar da siminti, ko mai karɓar wani abu a ɓoye daga ɓangare ɗaya, kuma a san tun farko wanda ke biyansa.

Tambayar da aka fi mantawa a Zinder, wato Damagaram, ita ce ta ruwa. Kankare yana bukatar a riƙa shayar da shi aƙalla kwana 7, kuma sai ya kai kwana 28 yake cika ƙarfinsa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da famfo ke ɗaukewa, 'yan garuwa su yi tsada, wa zai biya ruwan shayar da dal, wato rufin kankare, safe da yamma? In ba a faɗa ba, magini ya ɗauka na mai gida ne, mai gida ya ɗauka yana cikin jinga, dal ya bushe cikin rana ya tsage, sai damina ta sauka a ga ɗigo a tsakiyar ɗaki.