Disket ɗin da aka tsinta a durowar Baba: me za a iya cetowa?

Wanda ya yi makaranta ko aikin ofis a Kano daga shekarun 1990 zuwa farkon 2000 ya san disket. Da ita ɗalibi ke kai kundin digirinsa bizines senta a buga masa, a cikinta marubucin littafin soyayya ke adana labarinsa kafin ya kai maɗaba'a, akawun ɗan kasuwa kuma a nan yake ajiye lissafi. Yau sai an zo tashi daga gida ko rabon gado ake cin karo da su a ƙasan akwati, ɗaure da roba. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kansu.

Mun tsinci disket kusan talatin a durowar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Sun haura shekara ashirin ba a taɓa su ba. Akwai sauran fata?

Amin. Akwai fata, kuma ba kaɗan ba. Abin da ke cikin kwanson nan wani siririn faifan roba ne da aka shafe da garin ƙarfe mai riƙe maganaɗisu. Ba ya buƙatar wuta ko batir don ya riƙe abin da aka rubuta masa. Abubuwa huɗu ke kashe shi: maganaɗisu, zafi, ƙura da laima. Disket ɗin da ta shekara a kan lasifikar rediyo, ko a ɗakin da kwano ke gasawa a watan Afrilu, ta sha wuya. Amma wanda ya fi su ɓarna shi ne fumfuna, wanda laimar Agusta ke haifarwa a akwatin da ke jingine da bango.

Kafin komai, ka ja ƙofar ƙarfen nan gefe, ka juya cibiyar da ke baya a hankali, ka duba fuskar faifan a haske. Idan ka ga fari-farin ɗigo ko hazo, kada ka sa ta a na'ura. Fumfunar za ta manne a kan makarancin, wato ɗan bakin na'urar da ke karanta faifan, ya kankare faifan da ita, sannan ya lalata duk wadda ka sa bayanta. Irin wannan sai an goge ta da auduga da sinadarin isopropyl, a bar ta ta bushe sosai.

Na ji ana cewa a fara ɗaukar "hoton faifai". Da kyamara ake nufi?

A'a, suna ne kawai. Hoton faifai fayil ɗaya ne da ya ƙunshi duk abin da ke kan disket tun daga farko har ƙarshe, har wuraren da kwamfuta ke cewa babu komai. Disket mai inci 3.5, wadda aka rubuta wa 1.44MB, tana da fuska biyu. Kowace fuska tana da zobe 80, kowane zobe an yanka shi gida 18, kowane gida yana ɗaukar bayit 512, wato kamar harafi 512. Gidaje 2,880 ke nan, bayit 1,474,560. Idan hoton da ka ɗauka ya kai wannan adadi daidai, girmansa ya cika. Hoto ɗaya da wayarka ke ɗauka yau ya fi shi nauyi.

Idan ba za ka riƙe komai daga rubutun nan ba, ka riƙe wannan. Tsohuwar disket tana iya ba ka karatu ɗaya tak mai kyau, domin duk sakawa faifan na juyawa sau 300 a minti, makarancin kuma yana gogar fuskarsa. Ka yi amfani da wannan damar ka kwashe komai, ka mayar da ita ambulan, sauran binciken duka ka yi shi a kan kwafin hoton. In ka yi kuskure, sai ka sake kwafa. Ni kaina na taɓa ɓata wata disket da buɗe-rufe, ina neman fayil ɗaya, har ta fara ƙara kamar ana niƙa. Ba ta sake karantuwa ba.

Me zai hana in kwafe fayilolin kawai zuwa filashi?

Domin kwafa tana ɗauko abin da ke cikin rajista ne kaɗai. Ka ɗauki disket kamar kasuwar Kantin Kwari. Gida na farko shi ne ƙofar shiga, inda aka bayyana tsarin wurin. Daga nan sai taswirar da ke nuna wane shago ke bin wane, wadda ake kira FAT12, kuma an rubuta ta sau biyu, kowace a gida tara, don in ɗaya ta lalace a duba ɗayar. Sai rajistar sunaye mai gida 14, wadda ke ɗaukar suna 224. Kayan kansu suna farawa daga gida na 33, in ka fara ƙirga daga sifili. Mai kwafa yana bin rajista. Duk shagon da aka soke sunansa ba ya leƙa shi, ko da kaya na nan maƙare a ciki.

Wane kaya nake buƙata?

Na'urar karanta disket mai igiyar USB. Ka tambaya wajen masu tsoffin kayan kwamfuta a Beirut Road ko Sabon Gari, ko ka yi oda. Sony, wanda ya ƙirƙiro wannan samfuri, ya daina ƙera disket ɗin kanta a 2011, don haka yawancin abin da za ka samu tsohon ajiya ne. Gwada na'urar da disket ɗin da ba ka damu da ita ba tukuna.

Kafin ka saka kowace, ka kulle ta. A kusurwa akwai ɗan maɓalli mai zamewa: idan ramin ya buɗe har kana hango haske, an hana rubutu. Wannan kullin na na'ura ne, babu manhajar da ke tsallake shi. Sannan ka ɗauki hoton da manhajar WinImage ko FTK Imager a Windows. A Linux kuwa, ddrescue ya fi dacewa, domin yana tsallake gidan da ya ƙi karantuwa, ya gama da masu lafiya, sannan ya dawo ya yi ta lallaɓar masu taurin kai. Yana kuma ajiye bayanin waɗanda suka gagara. Ka sa wa kowace disket lamba, ka ɗauki hoton takardar da ke manne a jikinta da waya. Rubutun hannun Baba yakan faɗi abin da sunan fayil bai faɗa ba, tunda a zamanin DOS, tsarin da ya riga Windows, harafi takwas kawai aka yarda suna ya kai.

Windows ta ce sai an yi wa disket ɗin fomat kafin a yi amfani da ita.

Kada ka yarda, domin fomat sharewa ne da sake tsara faifan. Abin da take nufi shi ne ba ta gane ƙofar shiga ba. Wataƙila gidan farko ne ya lalace, sauran 2,879 na nan lafiya. Wataƙila kuma disket ɗin ba ta PC ba ce. Tsoffin kwamfutocin Macintosh suna rubuta 400K da 800K ta hanyar sauya gudun juyawa, kwamfutar Amiga na rubuta 880K da nata tsarin, kuma na'urar USB ba ta jin ko ɗaya daga ciki. Haka manyan faifan nan masu inci 5.25 masu lanƙwasuwa.

A nan ake komawa ga ƙaramin allo irin Greaseweazle ko KryoFlux, wanda ake haɗawa da tsohuwar na'urar cikin kwamfuta. Shi ba ya tambayar ma'anar komai. Sauye-sauyen maganaɗisun yake naɗowa ɗanyensu, daga baya manhaja ta fassara. Da shi ake iya karanta zobe ɗaya sau da yawa a kwatanta, wani lokaci a fitar da gidan da na'urar USB ta riga ta yanke wa ƙauna.

Fayil ɗin da aka goge fa, zai dawo?

Sau da yawa, e. Idan aka goge fayil a DOS ko tsohuwar Windows, ba a taɓa abin da ke cikinsa. Harafin farko na sunansa ake maye wa gurbi da alamar E5, a share hanyarsa daga taswira. Gidan da ya fara da kuma girmansa suna nan rubuce a rajista. Saboda haka KUNDI.DOC zai fito maka da alamar tambaya a madadin K, kai za ka cike. Idan gidajensa a jere suke, kuma ba a zuba wani abu a kansu ba, zai dawo cif. Manhajar TestDisk na yin wannan aikin. Ɗan'uwansa PhotoRec kuwa ba ya kula rajista sam, yana bin gida-gida yana neman alamar da kowane irin fayil ke farawa da ita. Fayil ɗin Word 97 yana farawa da D0 CF 11 E0, na ZIP da haruffan PK, hoton JPEG da FF D8. Kai ma za ka iya ganinsu da idonka in ka buɗe hoton faifan da HxD, manhajar da ke nuna ɗanyen abin da ke cikin fayil.

Wahalar tana zuwa ne daga disket ɗin ɗalibi, wadda aka yi ta gogewa ana sake zubawa. Fayil ɗinta a warwatse yake, sai ka ceto babi na uku ka tarar da rabin takardar neman aiki a tsakiyarsa. Amma ɗabi'ar mutanenmu ta yin aiki kai tsaye a kan disket ta bar wani alheri. Word yana ajiye kwafin wucin gadi kusa da fayil, masu suna irin ~WRL0001.TMP, ya goge su in an rufe. A cikinsu ake tsintar tsohon zubin rubutu, har sakin layin da marubucin ya cire. Idan kuma ka ga gidaje cike da F6 F6 F6, cikakken fomat aka yi, babu abin nema a wurin.

Na ceto fayilolin, amma sun ƙi buɗewa. Waɗanda suka buɗe kuma, ƙ da ɗ da ɓ sun koma wasu alamomi.

Na farkon mai sauƙi ne. LibreOffice, wanda kyauta ne, yana buɗe WordPerfect da tsohon Word da Lotus 1-2-3. Abin da ya gagare shi, sai a kunna ainihin tsohuwar manhajar a cikin DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon kwamfutar DOS.

Na biyun ciwonmu ne mu Hausawa. A lokacin, rubutun kwamfuta na yau da kullum ba shi da haruffa masu ƙugiya. Sai aka ƙera samfurin rubutu na musamman, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero yana cikin waɗanda suka yi wannan aiki. Dabarar irin waɗannan samfura ita ce a ari gurbin wata alama a zana ƙ a wurin. In samfurin ba ya kan kwamfutarka, ainihin alamar ce za ta fito. Rubutun bai lalace ba. Ka gano wace alama ke tsaye a madadin wane harafi, manya da ƙanana, ka musanya su gaba ɗaya da haruffan Unicode, wato ƙ da ɗ da ɓ na ainihi da kwamfutar yau ta sani. Aikin minti goma ne.

Bairos fa? An ce disket ɗin bizines senta ba ta rabuwa da shi.

Gaskiya ne, disket ɗin da ta zaga kwamfutoci da yawa takan kwaso. Irin su Brain, wanda ya fito daga Lahore a 1986, da Stoned da Michelangelo, a gidan farko suke zama, kuma ba sa tashi sai an kunna kwamfuta daga disket ɗin. Hoton faifai a kwamfutar yau ba zai tashe su ba. Waɗanda ke ɓuya cikin fayil ɗin Word, da suka yaɗu daga 1995, su ne abin lura: ka hana makro, wato ƙananan umarnin da ake cusawa cikin fayil ɗin, aiki in za ka buɗe. Kuma kada ka bar manhajar kashe bairos ta "gyara" maka hoton asali, don gyaranta gogewa ne.

A ciki mun ga lissafin bashi mai kwanan wata. Za mu iya dogara da shi wajen rabon gado?

Abin da aka rubuta a cikin takardar daban, kwanan watan da kwamfuta ta manna wa fayil daban. Na biyun daga agogon kwamfutar da aka yi aikin ya fito, agogon kuwa da ɗan batir yake tafiya. In batirin ya mutu, ko ba a saita ba, ranar ƙarya za a rubuta. Shi ya sa za ka ga fayiloli da yawa ɗauke da Janairun 1980, wanda shi ne farkon ƙirgar DOS, alhali a lokacin Baba bai taɓa ganin kwamfuta ba. Ku ɗauki lissafin a matsayin manuniya, ku nemi rasit da shaidu, ku kai wa malamin da ke muku rabon. Idan kuma wani za ku ba ya yi muku aikin ceton, ku zaɓi mai amana, a yi a gaban ɗaya daga cikin magada, domin duk wanda ya riƙe hoton faifan ya riƙe har wasiƙun da marigayin ya goge da hannunsa.