Mene ne "ais-bireka" da ake ta ambata a bitar malamai?

Yanzu duk bitar da aka shirya wa malaman Turanci, sai mai jawabi ya ce a fara da "ais-bireka". Sai a miƙe, a tafa sau uku, a ɗan rausaya, a zauna. Har a rediyo na ji wani ya fassara ta da motsa jiki. Ina ruwan biri da gada?

Asalinta sunan jirgin ruwa ne mai fasa ƙanƙara. A tekun arewacin Rasha ruwa kan daskare na tsawon watanni, jiragen kaya ba su da hanya sai wannan jirgi ya shige gaba. Ba sara yake yi ba. Hawa kan ƙanƙarar yake, nauyinsa ya farfasa ta, ya bar layi a bayansa. Na farko mai amfani da makamashin nukiliya, Lenin, ya fara aiki a 1959. Kuma duk girmansa, ba shi ke ɗaukar hajar ba, na biye da shi ne ke ɗauka.

To, a aji ina ƙanƙarar? Yaran nan sun shekara uku a benci ɗaya, har sunan kakannin juna sun sani. Bakinsu ne ya daskare, don tsoron kada mutum ya kwafsa Turanci aji ya sheƙe da dariya. Stephen Krashen, masanin koyon harshe a Amurka, ya daɗe da nuna cewa fargaba na tare harshe kafin ya shiga kai. Tafi ba ya maganin wannan. A ganina, malamin da ya cinye minti goma cikin minti 40 yana waƙar da ba ta haɗa hanya da darasi ba, hutu ya ba yara.

Ga wadda ta gane abin. Malama ta shigo da baƙar leda a ƙulle, ta dire kan tebur, ta ce a canki abin da ke ciki, amma da Turanci, kuma da tambaya. Shiru. Can daga bayan aji wani ya ce, "Is it a mango?" Ta girgiza kai. Sai hannuwa suka tashi, kowa na son ya ci gari, ba mai sauraren kuskuren wani. Ita kuwa tana rubuta tambayoyinsu a allo, masu kyau da karyayyu duka, domin darasin ranar shi ne yadda ake gina tambaya. Da aka kwance ledar, albasa ce.