Baƙin hayaƙi da raguwar ƙarfi a tsohon injin dizal

Baƙin hayaƙi a injin dizal alama ce ta man da ya shiga silinda amma bai gama ƙonewa ba. Abin da ke fitowa ta salansa ƙananan ƙwayoyin gawayi ne, irin baƙin da ke taruwa a gindin tukunya. Idan ya zo tare da raguwar ƙarfi, kamar mota ta kasa hawan tudun da ta saba hawa a giya ta uku, ko janareto ya riƙa durƙushewa da zarar an ɗora masa kaya, ana zargin ɗayan abu uku: iska ta yi kaɗan, mai ya yi yawa ko bai tarwatse da kyau ba, ko feshin man ya kauce wa lokacinsa. Bayanin ya shafi injunan da famfon ƙarfe ke raba musu mai ba tare da kwamfuta ba. A Najeriya ana kiran man nan gas, a Nijar kuma gazwal.

Tarihi

Bajamushen injiniya Rudolf Diesel ya sami rajistar ƙirƙirarsa a 1893, injinsa na farko mai aiki sosai kuma ya tashi a Augsburg a 1897. Injunan farko da matsattsiyar iska suke hura mai cikin silinda, abin da ya sa suka yi nauyin da sai masana'antu da jiragen ruwa ke iya ɗauka. Lamarin ya sauya a 1927, da kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon mai na jere da yawa, wanda kowace silinda ke da ɗan fistin nata a cikinsa. Daga nan dizal ya yaɗu a manyan motoci, ya kuma kai ga ƙaramar mota a 1936 da fitowar Mercedes-Benz 260 D.

A wajen tsakiyar shekarun 1950 kamfanin CAV na Ingila ya fito da famfo mai juyi samfurin DPA, wanda ake samu a injunan Perkins na taraktocin Massey Ferguson. Famfon VE na Bosch ya biyo baya a shekarun 1970, kamfanonin Japan kuma suka riƙa ƙera irinsa ga motocin Toyota da Nissan. Duka waɗannan famfuna abu ɗaya ya haɗa su: suna auna mai gwargwadon totur da gudun inji, galibinsu ba su san yawan iskar da ta shiga ba. Ko matatar iska ta toshe, famfo zai ci gaba da zuba man da ya saba. Tsarin da kwamfuta ke sarrafawa ya fara shiga ƙananan motoci a shekarun 1980, amma tsofaffin injuna irin su OM352 na Mercedes 911 har yanzu suna jan kaya a hanyoyin Afirka ta Yamma.

Auna hayaƙi ma yana da tarihinsa. A ƙarshen ƙarni na 19 Bafaranshe Maximilien Ringelmann ya tsara katunan kwatanta duhun hayaƙi da ido, daga 0 zuwa 5. Daga baya aka sami na'urorin Bosch da Hartridge.

Yadda hayaƙin ke samuwa

Injin dizal ba ya da fulogin tartsatsi. Fistin ne ke matse iska ninki 15 zuwa 23 har zafinta ya wuce digiri 500, sannan nozul ya fesa mai ya kama da kansa. A lissafi kilo 1 na mai yana buƙatar iska kusan kilo 14.5, amma a aikace dole a sami rara, domin lokacin cakuɗuwa ƙanƙane ne ƙwarai. Da zarar rarar ta yi ƙasa da kusan kashi 20 zuwa 30 cikin 100, sai tsakiyar feshin ya gasu babu iska, ya koma gawayi. Ɗan baƙin da ke fita lokaci guda idan aka taka totur da ƙarfi ba laifi ba ne a tsohon inji. Wanda ya dawwama shi ne abin bincike.

Binciken hanyar iska

Nan ake farawa, domin nan laifin ya fi yawa kuma gyaransa ya fi araha. Ana ciro matatar iska a haska fitila daga cikinta. Idan hasken bai ratsa takardar ba, ta toshe. Manyan motoci da taraktoci suna da ɗan ma'auni a jikin gidan matata wanda ke nuna ja idan zuƙar ta kai kusan kilofaskal 6. A lokacin hunturu, ko a wurin casa da niƙa, matata kan cika tun kafin lokacin da littafin inji ya ɗiba mata. Buga ta a taya ko hura mata iska mai ƙarfi na yaga takardar, ƙura ta wuce kai tsaye ta cinye ringi. Matata mai wankan mai kuma ana wanke ragarta, a zuba baƙin mai daidai layin da ke jikin kwanon. Tsohon tiyon iska yakan yi laushi, ya shaƙe kansa idan inji ya ɗauki gudu, ya koma daidai da an sassauta, don haka sai an kalle shi inji na aiki.

A inji mai turbo, wato na'urar da hayaƙi ke juyawa don tura ƙarin iska cikin inji, ana bin tiyo da maɗaurai daga turbo har zuwa bakin inji. Tsaga kan bar jirwayen mai a gefenta, ta kuma riƙa fito idan ana jan kaya. Inji a kashe, a cire tiyon gaba, a taɓa sandar turbo da yatsa: ɗan motsi gefe da gefe ba komai, amma fiffike ya goga jikin gida, ko sanda ta riƙa kai da komo gaba da baya, turbo ya gaji. Tsofaffin injuna galibi suna ba da matsi tsakanin ba 0.6 da ba 1 (ba, wato bar, awon matsi ne) a cikakken kaya, kuma ma'auni ne kawai ke tabbatar da haka.

Abubuwa uku da ake yawan mantawa: salansar da ta lotse ko ta cushe, bawul ɗin da ke maido hayaƙi cikin inji idan ya maƙale a buɗe, da tazarar bawul. Bawul ɗin da ya matse ba ya rufuwa, matsi ya zurare. Wanda ya yi sako-sako kuma ba ya buɗewa sosai. Kowane inji da adadinsa. A Mercedes OM617 marar turbo, milimita 0.10 ne na shiga, 0.30 na fita, inji da sanyi.

Tudu ma na rage iska. Inji marar turbo na asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300, shi ya sa motar da ba ta hayaƙi a Legas za ta iya yinsa a Jos, mai tsayin kusan mita 1,200.

Nozul

Nozul mai lafiya yana buɗewa a matsi ƙayyadadde, ya fesa mai kamar hazo, ya yanke nan take. Idan sifirin ya saki ko allurar ta cinye, sai ya riƙa ɗiga ko tsartuwa, ɗigon kuma ba ya ƙonewa. Don gano silindar da ke da laifi, ana barin inji a silo, a sassauta notin bututun mai na kowane nozul ɗaya bayan ɗaya da sifana. Wanda aka sassauta sautin inji bai canza ba, silindarsa ba ta aiki da kyau.

Tabbaci sai a famfon gwaji na hannu. Injuna masu ƙaramin ɗakin ƙonewa a kan silinda suna buɗewa a kusan ba 110 zuwa 150, masu fesawa kai tsaye kuma daga kusan 175 zuwa sama da 200. Ana riƙe matsi ɗan ƙasa da na buɗewa na daƙiƙa 10, kada ɗigo ya faɗo. Wajen mayarwa ana sa sabon washa na jan ƙarfe. Kada a taɓa kai hannu gaban feshin, domin yana huda fata, raunin kuma na iya kaiwa ga yanke yatsa.

Taimin da famfo

Feshin da ya makara yana kawo hayaƙi, zafi da kasala. Wanda ya yi gaggawa yana sa inji ƙwanƙwasa. Bel da ya tsallake haƙori ɗaya, ko sarƙar da ta miƙe, ya isa ya jawo haka. A OM617 mai yana fara tafiya digiri 24 kafin fistin ya kai ƙololuwa. Famfon VE kuma da agogon awo ake saita shi ta bayansa.

Famfo shi ne na ƙarshe a zargi, ko da yake shi ake saurin kwancewa. Ana duba hatimin da ke kan kusar ƙayyade mai. Idan an ɓalle shi, wataƙila wani ya ƙara mai don neman ƙarfi, abin da ke ƙona fistin. Gyaran famfo sai a kan bencin gwaji.

Matsin silinda

Ana auna shi ta ramin hita, wato fulogin da ke ɗumama silinda kafin a tayar da inji, ko na nozul, inji da ɗumi. Injuna masu hita masu lafiya kan ba da ba 25 zuwa 30, bambancin silinda da silinda kada ya wuce kusan kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Wahalar tashi da safe da tururi mai ƙarfi daga murfin baƙin mai suna nuna ringi sun gaji.

Abubuwan da ke kama da shi

Raguwar ƙarfi ba tare da hayaƙi ba ƙarancin mai ne: matatar mai ta toshe, iska ta shiga bututu, ko ƙaramin famfon janyo mai ya yi rauni. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa, fari kuma ruwa ne ko man da bai kama ba. Birki mai riƙewa da lodin da ya wuce kima suna sa lafiyayyen inji hayaƙi.

Ra'ayi ya bambanta kan amfanin magungunan da ake zubawa a tanki, haka kuma kan toshe bawul ɗin maido hayaƙi, wanda doka ta hana a ƙasashe da dama. Man da aka gauraya da kananzir kuwa yana rage santsin da famfo mai juyi ke dogaro da shi.

A 2012 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke jawo ciwon dajin huhu. Gwajin da ake yi inji na aiki a fili ake yinsa, ko a fitar da hayaƙin waje ta bututu.